Igiyar Shanyar Tabawa

Duk wanda ya zauna a bayan tashar Funtua ya san Tabawa mai wanki. Shekara talatin da huɗu tana kan turmin bugu ɗaya, sabulun soda ya cinye mata farata, bayanta ya lanƙwashe kamar lauje. Ba ta karɓar ƙunshi a ɗaure. A gabanka za ta kwance, ta zazzage aljihu, ta ɗaga riga sama ta ce, "Wannan manja ne, wannan kuma kai ka san ko mene ne." In ta gama sai ta shanya a igiyarta da ke bakin titi, kuma duk wanda ya tambaye ta wannan wandon na wa ne, faɗa masa take. Akwai magidantan da suka daina ba ta wanki saboda haka. Da suka ga nasu ya koma ruwan toka a hannun wasu, da kansu suka dawo.

To ran wata Laraba sai ga wani ɗan kwangila ya tsaya da mota a ƙofarta, shi da lauyansa. Ta san shi tun yana da riga ɗaya, wadda yake zama a zaure da singileti yana jira ta bushe. Ya durƙusa ya gaishe ta, abin da bai yi ba tun da ya yi tumbi.

"Inna, wahalar nan ta isa. Shago zan buɗe miki, da injin wanki biyu, da janareta, kuma duk wata a kawo miki naki har gida. Kamfani ne, da sunanki za a yi rajista. Ki dangwala yatsa nan kawai."

Tabawa ta dubi hannayenta. Ni maƙwabciyarta shaida ce, injin nan ta daɗe tana mafarkinsa.

"Kuɗin wa za su riƙa shiga kamfanin?"

"Nawa. Su shiga su fito. Takarda za ta nuna cinikin wanki ne."

"Cinikin riga nawa?"

Lauya ya duba takarda. "Kamar dubu huɗu a rana, Hajiya."

"Ban je ba tukuna, kira ni Tabawa. Dubu huɗu a Funtua? Da wane ruwan? Jarka shida mai kura ke kawo mini, su ma sai na yi masa faɗa."

"Ai ba za a wanke rigunan da gaske ba," in ji lauya.

"To me za a wanke?"

Ɗan kwangila ya yi tari, ya duba agogo.

Ta ce, "Au, ko wannan ne abin da nake ji a rediyo, wanke kuɗin haram? Wanda in an zo kame, mai yatsa a takarda ake fara ɗauka?"

Lauya ya yi dariya irin ta waɗanda suka biya kuɗin makaranta da yawa. Ya gyara tabarau.

"Haram ɗin 'yan rediyo ne suka ƙara don labari ya yi daɗi. A Turanci kalma ɗaya ce tak, londa. Asalinta daga harshen Rumawan dā ne, ma'anarta wankewa. Da ta iso wurin Turawan Ingila, da farko ma sunan mai wankin ne, mace kamarki. Daga baya ta zama sunan aikin. Kwanan nan ne aka are ta aka ɗora wa kuɗi. Kin ga ke nan sana'arki ce tun fil azal, mu ne ma baƙi a cikinta."

"Ikon Allah. Wato ni ce uwar ƙungiya."

"Ke ce, Inna," in ji ɗan kwangila.

"Su matan Ingilan, an ɗaure su?"

"A'a, su tufafi suka wanke."

"Masu hankali."

Ta matse wata farar shadda, ta yarfe ta har ruwa ya fantsama a takalmin lauya. Sannan ta goge hannu a zani.

"Shi ke nan. Tunda Bature ya ce aikina ne, ba zan mayar da ciniki ba. A kawo kuɗin gobe da hantsi, kafin rana ta yi zafi."

Ɗan kwangila ya washe baki. Lauya ya buɗe 'yar akwatin tawada ya miƙo.

"Ajiye wannan, ni ban taɓa wanki da yatsa ɗaya ba. Kai dai, Alhaji, ka san tsarina tun kana jiran rigarka a zaure."

"Wane tsari, Inna?"

Ta nuna igiya da haɓa.

"A bakin titi nake shanya. Kuma in aka tambaye ni na wa ne, faɗa nake."