Ranar da Darakta Ya Ga Lantarki da Idonsa

Idan ana maganar ilimi, sai a gyara zama kafin a ambaci Darakta. A cibiyar binciken da yake shugabanta, Kogin Sani ake ce masa, a bayan idonsa dai. Takardun shaidarsa sun cika bangon ofis har sun rufe makunnin fanka, shi ya sa baƙonsa ke gumi tun kafin ya fara jawabi. Farar rigarsa ta ɗakin gwaji kuwa dutsen guga kawai ta sani.

A ƙasan benen akwai wata Dakta da ta shekara huɗu tana fama da na'urar harba niyutron, wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya iya gani. Ƙwayoyin nan ba su da caji, suna ratsa ƙarfe su wuce, amma idan suka gifta inda ƙarfin lantarki yake, sai juyinsu ya ɗan karkace. Da wannan karkacewar take fitar da hoton lantarkin da ke cikin rufaffen akwati. Ranar da aikin ya yi nasara, Darakta ya tuna ashe tunaninsa ne tun yana ɗalibi. Sunansa ya hau saman rahoto, nata ya gangara shafin godiya, kusa da na direba.

Da kwamitin masana ya zo zaɓen wanda zai jagoranci aikin nan gaba, Darakta ya sauko ƙasa a karon farko. Sai da ya buɗe ɗakin ajiye tsintsiya kafin ya dace da ƙofar ɗakin gwajin. Ya tura Dakta bayan kabad, ya ce kada ta sa baki idan manya na magana.

Ya tsaya gaban kwamfuta, inda wasu layuka shuɗaye ke murɗawa a allo, ya ɗaga sandar nuni.

"Jama'a, ga lantarki nan tsirara! Ni na fara ganinsa da ido. Ku dubi yadda yake lanƙwasa a nan. Wannan lanƙwasar na hango ta shekara ashirin da suka wuce, aka ce ina mafarki."

Minti goma sha biyar yana fassara kowane layi. Har ya yi wa ɗaya suna, sunansa.

Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai ƙaramar murya, ta leƙa bayan kabad. "'Yata, ƙarfin wutar nawa kuka sa a akwatin?"

Dakta ta sunkuyar da kai. "Hajiya, ba mu kunna komai ba tukuna. Wannan adon da kwamfuta ke nunawa ne idan an daɗe ba a taɓa ta ba."

Ta taɓa madanni. Layukan suka ɓace, har da mai sunan.

Darakta ya yi gyaran murya. "Madalla! Dama gwada ku nake yi."

"To mun ci jarrabawa," in ji dattijuwar. "Dakta, zo ki nuna mana aikinki. Ranka ya daɗe, ɗan matsa gefe, kana tare mana allo."