Kadan da Ya Ɓuya a Kwandon Mangwaro

Saura kwana biyu a yi wa Teta Insaf aikin yanar ido, sai ta aiki jikanta Midhat kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiya. Wata mujallar yara take so, wadda a da ake zana labaran Kada Mai Jar Dara a cikinta. Da la'asar ya hauro benenta a unguwar Shubra yana haki, ya gaishe ta.

"Lafiya lau, mijin banza. Tun safe? Har na fara duba wani mijin."

"Wa zai kwashe ki da haƙora uku?"

"Sun ishe ni cizonka. Me ka kawo?"

"Wanda Kada ya zama likitan haƙori. Duk kasuwa an ce shi ya fi suna."

"Kasuwar jahilai, irinka. Na jirgin Aswan na ce, inda ya ɓuya a kwandon mangwaro don ba shi da tikiti."

"Teta, mai rumfar ya ce wanda ya tambayi wannan na ƙarshe Fir'auna ne. Ajinku ɗaya, ko?"

"Ɗaya. Kuma ya fi ka kyan hanci."

Ta juya fuska wajen taga.

"Rabin farko na karanta, ina da shekara tara. Makon da na biyu ya fito, yaƙi ya kore mu daga Bur Sa'id. Har yau kadan nan yana cikin kwando. In likita ya kuskure hannu, shi ke nan."

Midhat ya zaro wata mujalla daga cikin rigarsa, takardunta sun yi ja, ya ɗora mata a cinya.

"Rumfa goma sha ɗaya na shiga."

Ta shafa bangon, ta kai hanci ta shinshina.

"Munafuki. Zauna ka karanta min."

"Na ƙi. Ke za ki karanta da idonki ranar da aka cire bandeji."

"In na makance fa?"

"Sai in karanta miki, in ce Kada ya auri wata tsohuwa mai masifa a Shubra, ya rame ya koma ƙadangare."

"Faɗa min kawai, ya isa Aswan?"

"Ban buɗe ba. Tare za mu ji."

Ta yi dariya har da tari, ta tura mujallar ƙarƙashin matashinta, ta jingina a kai.

"Ka ci nasara yau. Akwai kek ɗin basbusa a tanda, cinye duka. Na fasa neman wani mijin sai na gan ka da kyau tukuna."