Ranar da Kwamfuta Ta Haɗiye Ɗanmusa

Wata Talata, mako huɗu ke nan, na share awa uku a layin mai da galan a hannu don in tada janareton ofishinmu. Ina isa bakin famfo anka ce mai ya ƙare, wanda ya rage na motocin manya ne. Na sayi lita biyu wajen 'yan bumburutu na dawo, sai na iske Ɗanmusa zaune bakin ƙofa shina jirana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Bawa mai buga takardu. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki a Isa, tun zamanin tafireta. Bana da ruwan sama ya ɗauke, gero na shirin fidda kai, anka kafa kwamitin rabon hatsin tallafi, anka ɗauke ni in riƙa shigar da sunayen magidanta a kwamfuta, in buga, a liƙa a bango. Wanda sunansa ya fito a takarda, shi ke da buhu. Wanda bai fito ba, shi da Allah.

Ɗanmusa manomi ne daga Kamarawa. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga rumbunsa, rumbun kuwa ko ɓera ya daina leƙa shi.

Ya ce, "Malam Bawa, mi na yi maka? Gabana ka rubuta sunana. Sau biyu ana rabo, ana ce mini babu ni."

Na tada janareto, na buɗe masa kwamfuta. Ga sunansa nan ɓaro-ɓaro a allo. Na danna a buga. Takarda ta fito da zafinta, babu Ɗanmusa. Na sake, haka. Ya dube ni, ya dubi firinta, ya ce shi dai bai taɓa faɗa da ita ba.

Na ɗauki maganar zuwa wajen shugaban kwamitinmu, Ranka Ya Daɗe, Uban Tallafi, Garkuwan Mayunwata. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai saurin ɗaukar mataki. Nan take ya kafa ƙaramin kwamiti na mutum tara, ya tura su otal a Sakkwato kwana uku su yi nazarin dalilin da ya sa injin ke raina talaka. Sunka dawo da ƙiba da jakunkuna masu tambari, sunka ba da rahoto cewa zafin rana ne.

Maƙwabciyata Malama Jamilatu ce ta cece ni. Malamar lissafi ce da ta yi ritaya, kuma ita ta fara gaya mini cewa manhajar da ke tafiyar da kwamfutarmu ba ta wani kamfani ba ce. 'Yan sa kai ne daga ƙasashe daban-daban sunka haɗu sunka gina ta kyauta. Kowa na iya buɗe cikinta ya duba, kowa na iya kai kuka idan ya ga tangarɗa. Ashe ita ma tana cikinsu. Aikinta tantance koke-koken da ke shigowa: wanga na gaggawa ne, wanga zai iya jira, wancan an riga an kawo irinsa.

Ta zo ofis da safe, ta ja kujera, ta ce in faɗi abin da ke faruwa.

Na ce, "Malama, kwamfuta ta lalace."

Ta ce, "Wannan ba bayani ba ne, Malam Bawa, kuka ne. Mi ka danna? Mi ka zata za ka gani? Mi ka gani? Kullum take yi, ko sai ta ga dama?"

Shekara ashirin da biyu ina aiki ƙarƙashin manya, ba a taɓa tambayata mi na gani ba. Har sai da na ɗan ji kunya.

Munka fara gwaji. Ta sa na rubuta suna biyar kacal a sabon shafi, na buga. Huɗu sunka fito, Ɗanmusa ya maƙale. Ta ce in cire lanƙwasar harafin farko, in rubuta Danmusa. Sai ga shi ya fito. Munka gwada Ƙasimu, ya ɓace. Munka gwada Ɗahiru, ya bi shi. Ta je gida ta gwada a tata kwamfutar da wata firinta, abin bai canza ba. Ta ce, "To, ba firintarka ba ce, ba kuma zafin rana ba. Duk sunan da ya fara da harafi mai ƙugiya, wurin bugawa ake tsallake shi."

Da ta duba rumbun koke-koke, sai ga wani bawan Allah daga Maraɗi ya kawo irin wannan kuka shekara biyu da sunka wuce. An aje shi cikin ƙananan matsaloli, don an ɗauka kwalliyar rubutu ce kawai. Malama ta haɗa namu da nasa, ta jera matakan da kowa zai bi ya ga abin da idonsa, ta ɗaga shi zuwa na gaggawa. A ƙasa ta ƙara layi guda: a nan, wanda bai fito a takarda ba ba ya cin abinci.

Kafin azahar wani ya amsa, ya ce ya gwada, ya gani. Washegari wata mata ta gano inda kuskuren yake. Kwana goma sha ɗaya gyara ya iso. Jama'a, mutanen nan ba su san Isa ba, ba su nemi a tarbe su da makaɗa ba, ba su kafa allon sanarwa da hotonsu ba. Ni da na rubuta takardar neman gyaran famfon unguwarmu tun shekara uku, kullum ana ce mini tana kan tebur, na rasa inda za ni sa kaina.

Munka sake bugawa. Suna sittin da uku sunka dawo, har da na Ɗanmusa. Ranar Asabar ya aza buhunsa a amalanke, ya tsaya ƙofar ofis ya yi wa Malama addu'a.

Da maganar ta tsaya nan, da na ce madalla. Amma Malama mai lissafi ce. Ta ɗauko takardun hannu da masu unguwanni sunka kawo tun farko, ta gwada da abin da ke cikin kwamfuta. Mutum ɗari da arba'in babu su. Su Kalilu, su Yero, su Fatu matar marigayi Labbo daga Turba. Ko ɗaya babu ƙugiya a sunansa.

Na ce, "Wata tangarɗar ce, mu sake kai kuka."

Ta ce, "Tsaya mu duba tukuna." Ta buɗe inda manhajar ke aje tarihin duk abin da anka taɓa. Ga shi a rubuce: wata Alhamis, ƙarfe biyu da rabi na rana, an goge suna ɗari da arba'in, an sa wasu a gurbinsu. Da mabuɗin wa anka shiga? Ba nawa ba. Mabuɗi biyu ne a ofishin nan, na biyun kuwa na ɗakin shugaba ne, mai na'urar sanyi.

Malama ta cire gilashinta ta ce, "Wannan ba za ni aika musu ba. Manhaja ta yi abin da anka sa ta."

Ranar kasuwa ta buga tsohon jerin da sabon, ta liƙa su kafaɗa da kafaɗa a bangon ofis, ta zauna gefe da lemarta tana karanta wa wanda bai iya karatu ba. Kafin la'asar, cikin ikon Allah, anka gano buhu tamanin a wani sito da kowa ya manta da shi. Ranka Ya Daɗe ya zo da kansa ya raba, ya yi jawabi cewa binciken da ya jagoranta ne ya kama injin da laifi. Munka tafa masa. Saura mutum sittin har yau suna zuwa suna duba bango, Fatu na cikinsu.

Yau da safe ya aiko a buga masa takarda zuwa sama. Shina neman a sauya mana manhaja da mai tsada, ta kamfani, wadda ba kowa ke leƙa cikinta ba, don wagga ta kyauta, in ji shi, ba ta san girman manya ba. Na buga masa tsaf. Manhajar ma ba ta yi gardama ba, ta dai rubuta ranar da lokacin.