Shinkafar Garu Da Ta Kwance Mini Zani

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar maigidana ba, ko da zan so in manta, dangin miji ba za su bari ba. Lokacin ina sabuwar amarya, an ƙetaro da ni daga Gaya zuwa Malanbil, kaina cike da ra'ayi. Babban ra'ayina shi ne Gwaggo Hadiza, yayar surukata, ba ta ƙaunata. Hujjata? Ba ta dariya idan na yi magana (daga baya na gano haƙoran gaba ne ba ta da su).

Da aka zo rabon aikin biki, ni na miƙe na ce a bar mini shinkafar dangin ango. So nake gidan nan su san ba hoto aka auro ba. Aka sauke buhu daga Garu, sabon girbi. Ina tsaka da tuttula ruwa a tukunya, Gwaggo ta leƙo.

"Ɗiyata, rage ruwan ga. Sabuwar shinkahwa ta, ba ta shan ruwa kamar ta kanti."

Na ce, "To, Gwaggo," da ladabi. A zuciyata kuwa na ce, wato so take in ba baƙi tsakuwa a yi da ni. Tana juya baya na ƙara bokiti guda (har da murmushin wadda ta gano makirci).

Bayan azahar dangin ango suka cika rumfa, surukata na ta cika baki da girkin amaryarta. Na buɗe tukunya a gaban mata. Wallahi sai da ludayi ya nutse. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "Wa ya haihu, anka dama kunu?" Aka fashe da dariya, na ji kamar in bi shinkafar in narke.

Sai Gwaggo ta taso. Ta ɗaura zani, ta karɓi muciya, ta barbaɗa gari ta tuƙe abin nan ya zama tuwo, ta sa aka kaɗa kuɓewa. Baƙi suka ci har da neman ƙari, ta ce musu, "Amaryarmu ta yi."

Tun ranar, idan tsohuwa ta ce in rage ruwa, ragewa nake, sai in yi zargina bayan an sauke tukunya. Sunan dai ya bi ni: har ɗan da na haifa, Ɗan Mai Kunu ake kiransa.