Rasuwar Karsana, Motar da Ba Ta Taɓa Yin Gumi Ba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, ni Labbo ɗan Manu, mai awon auduga a Bungudu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Bungudu da Gusau da Tsafe rasuwar motata, wadda kowa a garin nan ya sani da suna Karsana. Ta cika ranar Litinin da hantsi, a gindin tsamiyar da ke bayan gonakin gabas, kan hanyar Gusau, bayan doguwar jinyar da ni mai ita ban san tana yi ba. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ina roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Marigayiya ta zo hannuna shekara uku da suka wuce, daga wani Bature mai sayen auduga a Gusau da zai koma ƙasarsu. Shanun da na gada wurin mahaifina na kora kasuwa saboda ita. Direban Baturen ne ya kawo ta Bungudu, ya kwana biyu yana koya mini yadda ake murɗa ƙarfen gaba a tashe ta da yadda ake tsayar da ita, sannan ya koma. Wannan zuwan nata daga Gusau shi ne doguwar tafiya ta ƙarshe da ta yi a duniya.

Mutane da yawa sun ɗauka alfahari ya sa na saye ta. Akwai shi, ba zan yi ƙarya a takardar mutuwa ba. Amma babban dalili mahaifiyata ce, Inna Kulu. Haifaffiyar 'Yandoto ce, can wajen Tsafe, kuma tana da ƙanwa guda tilo a duniya, Tambaya, wadda rabonta da ganinta ya haura shekara talatin. A shekarar da na sayi motar, Inna ta riga ta ɗaure ƙunshinta, ta shirya bin fatake a kan jaki, tafiyar kwana uku. A bakin zaure na tare ta. Na sauke ƙunshin daga kanta da hannuna, na rantse mata cewa uwar da ta haife ni ba za ta shiga garinsu a kan jaki ba, a mota za ta shiga, kuma a yini ɗaya. Ta dube ni, ta koma ɗaki.

Karsana baƙa ce wul, doguwa, mai idanu biyu na tagulla. Ba ta cizo, ba ta ɓarnar gona. Sau ɗaya ta taɓa harbina, ranar da ƙarfen tayarwa ya dawo ya doke mini babban yatsa, kuma na yafe mata tun a lokacin. Idan ta tashi da safe takan ce tuf-tuf-tuf a hankali, kamar mai gaisuwa da surukai. Idan na matsa mata ƙaho ta ce fam-fam, sai awakin unguwa su watse, mata masu zuwa rijiya su tsaya da tulu a ka. Kajin gidana sun yi ƙwai a ƙarƙashinta ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba. Ban san wata halitta mai haƙurinta ba.

Yanzu sai in faɗi yadda na riƙe ta, domin a nan ajalinta yake. Ni a bayan shanu na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya koya mini cewa ba a kora karsana har ta yi gumi. Ka taɓa gindin kunnenta, in ka ji ɗumi, ka kai ta inuwa. Da wannan ilimi na yi kiwon mota. Kullum da safe sai in tashe ta, in hau daga ƙofar gida zuwa rumfar awo, wurin da in an ƙwala mini kira daga gida ina ji. In sauka, in ɗora tafin hannu a goshinta. Da na ji ɗumi ya fara, sai in kashe ta, in ce sannu. Da azahar mu koma gida, da la'asar mu dawo rumfa, da yamma mu sake komawa. Ranar Juma'a mu je masallaci, wanda ya fi rumfar ma kusa. Wata rana sau shida nake tashinta, kuma ko sau ɗaya ban bar ta ta yi zafi ba. Na kafa mata rumfa, na rufe ta da bargo. Ranar da ta taɓa kaiwa bakin gulbi na ji jikinta ya yi zafi sosai, sai na tsorata, na kwara mata ruwa, na ba ta hutun kwana biyu. A raina ina tara mata ƙarfin tafiyar 'Yandoto ne.

Tafiyar kuwa kullum tana gaba. Shekarar farko na ce bari ta saba da ƙasarmu. Da damina ta faɗi na ce rafuka sun cika. Da kaka ta yi na ce auduga ba ta jira. Da rani na ce wannan rana za ta illata ta. Haka muka zagaya sau uku. Ita ma Inna na tattala ta yadda na iya. Na hana ta zuwa rijiya, na hana ta daka, na hana ta taka kasuwa. Ko barkar suna za ta je a maƙwabta, sai na ɗauke ta a mota, don mutane su ga yadda Labbo ke riƙon uwarsa. Duk sanda ta zauna a kujerar baya takan tambaye ni yaushe, ni kuma in ce mata an kusa.

Ciwon marigayiya bai ɓoye kansa ba, ni ne ban iya karanta shi ba. Ta fara tari da safe, na ce sanyi ne, na ƙara bargo. Ta fara fitar da baƙin hayaƙi, na ce ƙoshi ne. Ruwa ya riƙa ɗiga daga bututun bayanta, na ce lafiyayyar dabba dole ta yi fitsari. Murɗawa biyu da take tashi da ita ta koma goma, ta koma ashirin, na ce shagwaɓa ce, na rage mata nisan tafiya. Ranar da na duba baƙin man cikinta na ga ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, wallahi murna na yi. Na kira maƙwabta na nuna musu, na ce kiwo ya karɓe ta.

Ranar Lahadi da la'asar wani bafatake mai suna Buba ya yi sallama a ƙofata. Ya ce daga 'Yandoto yake, Tambaya tana kwance, ba ta ci ba ta sha, ba ta kiran kowa sai Yaya Kulu. Washegari bayan asuba muka shirya. Inna ta sa aka zaro mata ƙunshin nan daga ƙarƙashin gado, da ƙullin da ta yi masa tun wancan lokaci. Mata biyu ne suka ɗago ta zuwa mota, domin ƙafafun da suka yi niyyar bin fatake shekara uku baya yanzu ba sa kai ta ko bakin zaure. Sai a ranar na lura da haka.

Karsana ta tashi bayan murɗawa ta talatin da wani abu. Muka wuce rumfar awo, inda ta saba tsayawa, na ƙara mata wuta. Muka fita gari. Na waiwaya na ga Inna ta rungume ƙunshinta tana murmushi. Muna shiga gonakin gabas muryar marigayiya ta sauya. Tuf-tuf ta koma ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar taɓarya a turmin da babu hatsi. Ta yi tari biyu masu nauyi, ta ce gwaram, ta gangara da kanta gindin tsamiya. Daga nan ba ta sake cewa komai ba. Na murɗa ta har fatar tafina ta saɓule.

Na nemo jaki, Inna ta kasa zama a kansa. Na nemo takarkari, aka ɗora ta, ta yi ƙara saboda ƙugunta, aka sauke ta. A kan gadon kara muka mayar da Inna gida.

Ranar Laraba Malam Usman, makanikin da ke aiki da masu shimfiɗa layin dogo a Gusau, ya zo gindin tsamiya a kan keke ya buɗe cikin Karsana. Ya tambaye ni ina da ina take zuwa. Na nuna masa wajen rumfar awo, na nuna masa wajen masallaci, da alfaharina. Sannan ya yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mai takaba. Ya ce inji in yana sanyi ba ya ƙone fetur duka, ragowar sai ta zurara cikin baƙin mai ta tsinka shi. Ya ce raɓa tana taruwa a cikinsa duk sanda aka tashe shi aka kashe, kuma babu abin da ke busar da ita sai zafin doguwar tafiya. Madarar da na yi murna da ita ruwa ne ya gauraya da mai. Ya ce babu lokacin da ƙarfe ke cin ƙarfe kamar lokacin tashi, kafin mai ya zagaya, ni kuwa tashi kaɗai na yi ta ba ta, sau dubbai. Ya zaro fulogi, ɗan ƙarfen da ke ba inji wuta, ya nuna mini, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya cusa yatsa a bututun hayaƙi, yatsan ya ɓulla ta ɗaya gefen, tsatsa ta cinye shi daga ciki. Na tambaye shi ko akwai magani. Ya ce abin da ya karye ko a Kano babu shi, in ma an samo, sauran cikin ya riga ya tafi. Da zai hau kekensa ya ce, "Malam Labbo, da sau ɗaya a mako kana kai ta Gusau ta yi gumi ta dawo, da ita za ta binne ka."

Ranar Asabar saƙo ya iso daga 'Yandoto. Tambaya ta rasu tun Laraba da rana, wato kwana biyu bayan lokacin da ya kamata mu isa. Ni na shiga na gaya wa Inna. Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati, ta daɗe tana duban ƙafafunta, sannan ta ce, "Labbo, da ka bar ni na tahi bisa jakina, da na isa."

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu da ko zanensu bai goge ba, da ta biyar wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar garwa biyu ta fetur da na ajiye don hanyar Tsafe, da bargo, da rumfa, da kaji bakwai da suka rasa wurin kwanciya. Ta bar ni, wanda ba shi da shanu, ba shi da mota, ba shi kuma da bakin da zai yi wa uwarsa wani alkawari.

Game da jana'iza, Liman ya ce ƙarfe ba a yi masa wanka ko salla, kuma na karɓa. Ranar Alhamis mai zuwa da hantsi za a taru a gindin tsamiya. Shanu biyu za su jawo ta zuwa maƙerar Jibo, wanda ya ce zai fitar da fartanya da lauje daga jikinta, ta samu ta yi aikin da na hana ta. Tayoyin za su je wurin dukawa. Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a zaurena, kuma ina roƙon kowa ya zo da ƙafarsa. Wanda ya zo kada ya tsaya a kaina, ya wuce ciki wurin Inna, ita aka yi wa mutuwa.

Roƙona na ƙarshe ga fataken da za su bi hanyar Tsafe ne. Ƙunshin yana nan a zaure, ba a kwance shi ba. Akwai zanen saƙi a ciki, da kwalli, da daddawar da ta shekara uku. Wanda Allah ya nufa ya ɗauka ya kai 'Yandoto, ya tambayi gidan Tambaya, ya ba 'ya'yanta. In sun tambayi me ya hana yayar uwarsu zuwa, ya ce musu Kulu ta taso. Ta kawo har tsamiya.