Wakilin Ango da 'Yar Kwalba

Ba zan taɓa mantawa da safiyar ɗaurin auren Nura ba, duk da mutanen garinmu sun yi mini kara, suna nuna kamar su sun manta. Nura ɗan marigayi yayana ne, a hannuna ya tashi, saboda haka ba a yi wata shawara ba aka ce ni ne wakilin ango.

Amma bari in fara da tumbina, don shi ne asalin komai. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuma sana'ar tamu ta zama ce: ka zauna a benci, mai waina ta wuce ka tsayar da ita, mai tsire ya wuce ka ce kada ya ga ka raina shi. A haka na kai matsayin da in na yi ruku'u sai na yi shawara da gwiwoyina kafin in ɗago. Da na je asibiti a Kano, likita ya ce suga ya soma hawa, ya ba ni ƙwayoyi, ya kuma ɗora ni a kan allurar rage ƙiba, wadda ake yi a fatar ciki sau ɗaya a mako. Cikin tambayoyinsa har da ko ina shan giya. Na ji haushi ƙwarai, na shafa gemuna na ce ya dube ni da kyau. Ya yi dariya ya ce kowa yake tambaya, sannan ya ja mini kunne kada in haɗa da wani magani sai na gaya masa.

Allurar ta yi aiki, riguna suka fara yi mini yawa. Matsalarta ɗaya, tashin zuciya. Ni da ƙanshin man shanu a miyar kuka yake taso ni daga barci, sai ga shi ina gudun ƙofar kicin. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ga yadda nake yatsina fuska, ya ce akwai wani magani mai ɗaci da masu talla ke yawo da shi a 'yar kwalba, saiwoyi ne zalla, yana kwantar da ciki. Na saya. Jikin kwalbar hoton ganyaye ne da wasu ƙananan rubuce-rubuce na Turanci (Turancina kuwa iyakarsa sunayen buhuna). Na ce a raina ai saiwa ba magani ba ce irin wanda likita yake nufi, na jefa ta aljihu.

Ranar auren na tashi zuciyata na hautsinawa. Matata Hajiya Rabi ta kawo koko da ƙosai, ko kallonsu na kasa. Tsorona kada in yi amai a gaban surukai, sai na tuna da kwalbar. Na kurɓi murfi guda, ya ƙona mini maƙogwaro, ɗumi ya sauka har ciki, na ji kamar an samu sauƙi. Irin lissafinmu na 'yan kasuwa, na ce in kaɗan ya yi haka, to da yawa fa? Na kafa kai sai da na ga gindinta.

Garin su amarya ba nisa, gonaki ne kawai tsakaninmu, don haka a ƙafa muka tafi, ana ratsa tarin karan dawa. A hanyar nan na ji ina ƙaunar kowa. Na gaisa da wanda na sani da wanda ban sani ba, har wani jaki mai ɗauke da taki na yi wa sannu da aiki. 'Yan rakiya suka ɗauka farin cikin aurar da ɗa ne.

A ƙofar masallaci an shimfiɗa tabarmi, ga goro ga alewa. Aka zaunar da ni dab da liman, Malam Isa. A gabana Alhaji Garba ne, mahaifin amarya, da ƙaninsa wanda shi ne waliyyi. Sunan amarya Hauwa, na san shi kamar sunana. Liman ya yi salati, ya juyo ya ce wakilin ango ya faɗi abin da ke tafe da shi. Na gyara murya, na ɗaga ta yadda na sahun baya zai ji, na ce:

"Ni dai na zo neman auren Ladidi."

Ladidi ita ce mahaifiyar amarya, matar Alhaji Garba da ke zaune yana kallona. (Kuma don ku gane girman abin: tun muna samari ni na fara zuwa zance wurinta, ta zaɓi Garba, kuma babu dattijo a kan tabarmin nan da bai san haka ba.) Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "Dama tun can ni ya kamata a ba."

Daga nan gumi ya keto mini, fuskokin mutane suka dinga nisa. Na kife a kan cinyar liman.

Sauran labarin daga baya aka ba ni. Malam Isa shi ya fi kowa kusa da bakina, kuma babu shakka hancinsa ya gaya masa wani abu. Amma abin da ya ce wa jama'a shi ne ba ni da lafiya, ciwon suga ne, yana sa mutum sambatu, a miƙo alewa. Alhaji Garba da kansa ya ɓare ta ya sa mini a baki da na ɗan farfaɗo, ya yi mini fifita da hularsa, aka kama ni aka sa a motarsa, ya ja zuwa asibiti a Bici. Liman ya sa ƙanena ya karɓi wakilci aka ɗaura aure. Wato Alhaji Garba bai ga ɗaurin auren 'yarsa ba, yana can yana jinyar wanda ya nemi matarsa a bainar jama'a.

A asibiti aka ce suga ya faɗi ƙasa ƙwarai, aka sa mini ƙarin ruwa. Da wata likita ta tambayi abin da na ci ko na sha, na zaro kwalbar. Ta karanta ƙananan rubutun nan, ta dube ni, ta rage murya ta ce saiwoyin a cikin giya aka jiƙa su, mai ƙarfi kuwa. Ta ce ga allura ta hana ni cin abinci, ga ƙwayar suga, ga giya a kan cikin da ba komai. In gode wa Allah da abin ya same ni a cikin mutane. Ni da ko ƙofar inda ake sayar da ita ban taɓa bi ba. Hawaye suka zubo mini. Alhaji Garba yana tsaye, ya ji komai. Ya karɓi kwalbar ya sa a aljihunsa, ya ce, "Ni suga na ji an ce." Har yau ban ji maganar giyar nan a bakin kowa ba.

Malam Isa ya zo dubiya, ya jira ɗaki ya watse, sannan ya tambaye ni warin da ya ji a bakina. Na gaya masa gaskiya. Ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma jan kunnen likita na sani sarai, wannan kuma tsakanina da likitana. Na koma Kano na yi wa likitan bayani kaina a ƙasa. Bai tuna mini da shafa gemun da na yi masa ba, Allah ya saka masa. Ina nan kan allurata, ya kuma nuna mini yadda zan riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan don tashin zuciyar.

Hajiya Rabi kuwa, labari ya riga ni isa gida. Ta yi ta jinyata har ranar da Ladidi ta aiko da kunun gyaɗa da gaisuwar Allah ya ƙara sauƙi. Ta zuba mini a kofi, ta miƙo, ta ce, "Sha a hankali, daga gidan amaryarka ne."

Abin da na koya, na ɗauka mutuncina ni nake riƙe da shi, ashe yana hannun mutanen da suka ga damar rufa mini asiri. Na biyu, duk abin da ya zo a kwalba sai an karanta mini shi har ƙasa. Kwanan baya aka sake roƙona wakilci (mutane ba sa daddara). Na sa babbar riga zan fita, Hajiya ta tare ni a zaure, ta laluba aljihuna duka biyun, sannan ta ce in faɗi sunan amarya ta ji. Na faɗa daidai. Ta ce in maimaita.