Barkar da Gwaigwaya Ta Yi wa Sabon Sarkin Giwaye

A gabashin babban kogi akwai wata fadama da ake kira Gwaigwaya. Mazaunanta ƙananan dabbobi ne: gada, zomo, kurege, zabi, da waɗansu kunkuraye da suka tsufa a wurin. Suna da ciyawa, suna da inuwa, suna da majalisa da ke zama a gindin tsamiya. Abin da ba su da shi kawai shi ne iko da tafkinsu. Shekarun baya giwaye suka ƙetaro kogi daga ƙasarsu, suka ce sun zo su ƙwace tafkin daga hannun dorinai domin talakawan fadama su sha ruwa cikin kwanciyar hankali. Tun daga lokacin ruwan ya koma taɓo, don a cikinsa ake faɗan.

Giwa tana da ƙarfi, amma ba ta san hanya cikin duhuwar fadama ba. Saboda haka rundunar ta ɗebi 'yan jagora daga cikin 'yan ƙasa, aka ce musu da zarar an gama yaƙi kowa zai koma gida. A cikinsu akwai wani gada mai suna Nomau. Ya tafi ya bar matarsa Tabawa da 'yarsa Dela tana koyon gudu. Yanzu Dela ta iya gudu har ta fi uwarta, uban bai gani ba.

Su kansu giwayen sun gaji da yaƙin. Uwayensu suna ta kuka a can ƙetare, suna tambayar abin da ya kai 'ya'yansu mutuwa a tafkin da ba su taɓa jin sunansa ba. Da lokacin zaɓensu ya zo, sai wani matashin toron giwa mai taushin murya, Barmo, ya fito takara da Sarki Gagarau wanda ya fara yaƙin. Al'adarsu ita ce kowa ya je ya tsaya a bayan wanda yake so, wanda layinsa ya fi tsawo shi ne sarki. Babu ɗan Gwaigwaya da ke da wuri a layin, amma duk fadamar ta rabu gida biyu a kansa, har maƙwabta suka daina gaisawa. Dela tana bayan Barmo da dukan zuciyarta, don ta ji an ce ya yi alkawarin rufe yaƙin.

Wata safiya Shamuwa ta sauka a kan tsamiya da labari, aka taru. Ta ce layin Barmo ya fi tsawo. Zabi suka ɗauki guɗa, zomaye suka yi ta tsalle. Dela ta ruga wajen uwarta ta ce, "Inna, Baba zai dawo." Tabawa ta lashi kunnenta.

Shugaban majalisa, tsohon kunkuru Shekarau, ya jira hayaniya ta lafa, sannan ya ce ba a gaggawa da irin wannan al'amari. Kafin Gwaigwaya ta san abin da take ji, ya kamata ta ji abin da manya suka ji.

Shamuwa ta zayyana musu. Zaki, wanda a da shi ke mulkin wannan yanki kafin haƙoransa su zube, ya ce shi dama ya san haka za ta faru, kuma a shirye yake ya ba sabon sarki shawara. Kuraye sun yi wa Barmo murna, sun kuma bi ta baya sun yi wa Gagarau jaje, don ba a san gobe ba. Raƙuman dawa sun ce daga inda suke hangen abin, wannan nasara ce ga dukan dawa. Dorinai sun ce su ba su san sunayen giwaye ba, nauyinsu suka sani. Ungulaye kuwa da farko sun yi jugum, amma da suka saurari jawabin sabon sarki har ƙarshe, sai suka aika masa da gaisuwa mafi tsawo.

Ba a saba yara su yi magana a majalisa ba, amma Dela ta matso gaba. Ta durƙusa ta ce, "Baba Shekarau, a gafarce ni. Gwaggo Shamuwa, me ya faɗa a ƙarshen jawabin?"

Shamuwa ta ɗaga ƙafa ɗaya ta sauke. Ta ce, "'Yata, ya ce ba wani ɗan giwa da zai sake mutuwa a tafkin nan. Za su koma hayin kogi, su riƙa jefo duwatsu daga can. Su kuma 'yan jagora za su zauna a bakin ruwa, su riƙa nuna inda dorinai suke."

"Har yaushe?"

"Bai ce ba."

Sai wani kurege mai suna Tunau ya matso gaba. Shi ne ke shiga tsakanin majalisa da rundunar giwaye, kuma shi kaɗai ne a fadamar ya yi ƙiba tun da aka fara yaƙin. Ya miƙe wutsiya ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan majalisa, wannan girmamawa ce. Jiya 'ya'yanmu masu nuna hanya ne kawai, yau an ba su bakin daga. An yarda da mu. Wace fadama ce ta taɓa samun haka?"

Wata tsohuwar zabuwa ta ce, "Kai da ke son girman, Tunau, ga bakin ruwan can, ba a rufe shi ba."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

Dela ta roƙi a sa magana ɗaya cikin saƙon da za a aika: a sako waɗanda suka daɗe, ko da za a ce su zo su ga gida ne su koma. Majalisa ta ɗauki roƙon da muhimmanci, ta tattauna shi har rana ta take tsaka. Zomo ya ce gaskiyar yarinya ce, sai dai ba a haɗa barka da koke, kada a ɓata wa sabon sarki ranar farin cikinsa. Wani ya ce idan aka ambaci 'yan jagora, dorinai za su ji, su san su wane ne. Wani kuma ya tuna musu cewa duk dawa ta riga ta yi murna, in Gwaigwaya ta zo da ɓacin rai za a ce Gagarau take so.

Daga ƙarshe Shekarau ya yanke hukunci cikin murya mai taushi, don shi ba mugu ba ne. Ya ce za a aika da barka zalla, tare da tsamiya mafi kyau da ke kan bishiyar. Maganar Nomau da 'yan'uwansa kuwa ba a yar da ita ba, an ajiye ta sai lokacin da ya dace. Ya dubi Dela ya ce, "Jikata, giwaye suna sake zaɓe. Ki yi haƙuri."

Aka sa yara tsintar tsamiya. Dela ta tsinta tare da su, tana ware masu tsutsa gefe kamar yadda aka nuna mata. Da aka gama, Shamuwa ta ɗauki ƙunshin ta nufi yamma, majalisa ta watse, kowa yana yaba yadda zaman ya tafi cikin tsari.

A hanyar gida Tabawa ta bi da su ta tudu, inda ake hango tafkin. Giwaye sun fara haɗa kayansu. A bakin ruwa akwai waɗansu ƙananan halittu a tsaye, sun yi nisa da yawa, ba a iya gane fuskar kowa. Suka daɗe suna kallo, sannan uwar ta ce su tafi kafin dutsen farko ya faɗo.

A ranar Dela ta gane cewa yaƙin ya ƙare wa giwaye ne kaɗai, kuma babanta ba zai dawo ba.